Mutumin da Ya Hana Mu Zuwa Gasar Duniya

Kafin 'yan wasa su iso, kafin ma mai ban ruwan ciyawa ya kashe famfo, za ka tarar da shi a ƙofar ɗakin canza kaya, zaune a kan wani bokitin fenti da ya kifa. A damansa kular ƙanƙara ce mai murfin da aka ɗaure da roba, a hagunsa jakar bandeji da filasta. Almakashi kuma na rataye a wuyansa da igiyar takalmi, domin a cewarsa almakashin da ba a ɗaure ba ƙafa gare shi. Duk ɗan wasan da ya zo sai ya zauna a bencin da ke gabansa, ya ɗora masa ƙafa a cinya. Shi kuma yana naɗe idon sawu yana tambaya.

Tambayoyin kuwa ba su shafi ciwo ba. Da me ka karya? Wa ya rage maka hanya? An gyara babur ɗin nan ko har yanzu turawa kake? Ƙanwarka ta ci jarrabawar? Maƙwabcin nan mai ƙure rediyo ya tashi ko yana nan? In ka ba shi amsa a gajarce, sai ya ɗan ƙara jan bandejin ya sake tambaya. Da haka suna ya bi shi. A asibiti ya ƙare ƙuruciyarsa, a sashen da ake kawo masu hatsari, amma a filin nan ba wanda ke ce masa malamin asibiti. Daga koci har mai gadi, Baba Tambaya suke cewa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba za a yi wani taro ba, kuma na san a gari akwai waɗanda in an ambace shi sai su ce, ai wannan shi ne tsohon da ya hana mu zuwa gasar duniya. Ba zan yi musu gardama ba. Shi ya hana mu. Ina wurin aka yi, da idona na gani, kuma saboda wannan hanawar ce ma na zauna rubuta masa jinjina.

Ga wanda bai san wasan ba, zari-ruga ake ce masa, kuma sunan bai yi ƙarya ba: ka zari ƙwallo ka ruga, kafin wani ƙato ya rungume ka ya maka da ƙasa. Ƙwallon kamar ƙwai take, ba a miƙa ta gaba sai baya, kuma sai ka kai ta bayan layin abokan hamayya ka dire ta sannan a ba ka maki. Namu irin na bakwai-bakwai ne. Mutum bakwai a kowane ɓangare, a filin da aka yi don goma sha biyar, minti bakwai kafin hutu, minti bakwai bayansa. Ba wurin ɓuya, ba lokacin yin nadama. Ƙasashen yankinmu kan haɗu su fafata, wadda ta ci wasan ƙarshe ita kaɗai ke samun gurbi a gasar duniya. Mu ba mu taɓa samu ba. Tun Baba Tambaya na da baƙin gashi ake zuwa ana dawowa.

Ni ɗan jarida ne, da tambaya nake cin abinci, don haka na ji haushi da na tarar da wanda ya fi ni a sana'ata, kuma ba a biyansa a kanta. Na daɗe ina son sanin me yake yi da amsoshin nan. Ba ya rubuta su, ba ya kai wa kowa. Mutum ya zauna kullum yana tara labarin baburan mutane da ƙannensu, ina yake kai su?

Na fara da direban motar ƙungiya. Ya ce min kaɗaici ne, 'ya'yan Baba duk sun girma sun watse, sai ya mai da 'yan wasa abokan hira. Koci ya ce a shekarunsa na farko ya ɗauka wani camfi ne irin na tsofaffi, sai ya ƙyale shi tunda ba ya cutar da kowa. 'Yan wasa kuwa sun taɓa zargin cewa ɗan leƙen asirin koci ne. Ɗaya daga cikinsu har tarko ya ɗana masa, ya ce jiya bai kwana a sansani ba, ya tsallake katanga ya tafi biki. Ya yi mako yana jiran hukunci, shiru. Abin da ya biyo baya kawai shi ne Baba ya tambaye shi ko amarya ta yi kyau.

Da na je gidansa, mai ɗakinsa ta ƙara jefa ni cikin duhu. Tana ninke wanki a tsakar gida ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wane Baba Tambaya? Ita dai mutumin da take aure ko gishiri ya yi yawa ba ya tambayar dalili. Ta ce ta taɓa sauya labulen falo, sai da ya tsufa ya yage sannan ya lura. Na dawo ina cewa a raina, ruwa dai ba ya tsami banza.

Daga ƙarshe na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na zauna a bencin nan na gabansa na tambaye shi kai tsaye. Sai da ya fara tambayata inda na sayi takalmina da ko mahaifiyata na da rai. Bayan na biya wannan harajin ya ajiye almakashi.

"Ɗana," ya ce, "a asibiti, in aka kawo wanda ya bugu a ka, ka san wa ke fara gane cewa ba daidai yake ba? Uwarsa. Mu muna ta haska masa ido da tocila, yana ba mu amsa tiryan-tiryan, ita kuwa sai ta ja ni gefe ta ce, malam, wannan ba ɗana ba ne, ɗana ba haka yake magana ba. Kuma ba ta cika kuskure ba. To a fili babu uwa. Sai na ce bari in zama."

Ya yi min bayani cewa akwai tambayoyin da aka tsara a yi wa ɗan wasan da ya bugu a ka: a wane fili muke, kafin hutu ne ko bayansa, wa ya ci na ƙarshe. Tambayoyi ne masu kyau, ya ce, shi ma yana yin su. Matsalar ita ce yaran nan sun haddace su kamar karatun firamare, kuma allon maki na tsaye a bayan mai tambayar, ɗan wasa ya ɗaga ido kawai ya karanto. Ba wanda ke son a cire shi. Wanda ƙafarsa ta karye ba shi da yadda zai yi, amma wanda ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu yana iya miƙewa ya yi maka murmushi ya rantse lafiyarsa ƙalau, har shi ma ya yarda da kansa. In kuwa aka bar shi ya sake buguwa a kan wannan, to nan ne ake yin asarar da ba ta da gyara. Amma abin da ya faɗa maka da bakinsa da safe, game da babur ɗinsa ko ƙanwarsa, wannan ba a rubuce yake a allo ba.

Na zauna ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa. Ashe duk surutun nan awo ne. Kowace safiya yana auna kan kowane yaro yana lafiya, don ya san yadda zai gane shi in ya tashi daga lafiya.

Baba, kai ne ka cire ƙaton nan mai tura mutum uku shi kaɗai daga wasan gwaji, don ka tambaye shi kalar fentin da ya ce ya yi wa ɗakinsa ya tsaya yana kallonka. Kai ne kake mai da yatsan da ya goce kana tambayar mai shi kuɗin tumatir a unguwarsu, kafin ya gama tunanin amsa ka gama aikinka. Direba ya shaida min cewa duk yaron da ya ji ciwon da ya raba shi da wasa, bayan an daina zuwa dubiya, bayan an ba wani rigarsa, kai kana nan kana hawa motar haya zuwa gidansu kana motsa masa gwiwa. Ba wanda ya sa ka, kuma ba ka taɓa ba ni labarin ba, ni da nake neman labari.

Yadda ya shigo wasan ma abin dariya ne. Wata rana aka kawo masa wani saurayi asibiti da gira a fashe, yana ɗinki saurayin yana ta murna wai sun ci. Ya ce wane irin wasa ne wannan da ake fasa wa mutum fuska yana godiya? Ranar hutunsa ya je ya gani da idonsa. Ya tarar ba su da mai ko ɗaure rauni, sai wani da ke yawo da ruwan sanyi a buta. Ya ce bari ya ɗan taimaka musu na ranar. Ranar ce ba ta ƙare ba har yau.

Abu ɗaya ya so wa kansa a duk shekarun nan, kuma bai ɓoye shi ba. Yana so ya shiga filin gasar duniya sau ɗaya, riƙe da kularsa, a bayan yaransa. Mai ɗakinsa ta nuna min wata rigar sanyi mai kauri da ya saya tun shekarun baya, wai an ce ƙasashen da ake yin gasar akwai sanyi. Tana cikin leda a saman sif. Ta ce duk lokacin wasannin neman gurbi sai ya sauko da ita ya shanya, in an dawo ya mayar.

Bana kowa ya san ita ce damarsa ta ƙarshe, domin ya riga ya sanar zai ajiye aiki. Kuma bana komai ya zo daidai. A filinmu aka yi gasar, yaranmu sun nuna, sannan muna da Barewa.

Barewa shi ne mai gudun gefenmu. Siriri ne, in ka gan shi a layin burodi ba za ka ce yana iya ɗaga buhu ba, amma in ƙwallo ta shiga hannunsa da ɗan sarari a gabansa, sai dai a bi shi da kallo. A kwana biyun gasar shi ya ɗauko mu tun daga wasan farko har zuwa na ƙarshe. A safiyar rana ta biyu ya zo wurin naɗe ƙafa bakinsa har kunne. Matarsa ta turo masa bidiyo daga gida, 'yarsu ta fara tafiya. Taku kaɗan ne daga kujera zuwa ƙafar uwarta, sannan ta zauna daɓas. Ya nuna wa Baba, ya nuna wa direba, ya nuna min, har mai ban ruwan ciyawa bai tsira ba. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai ai dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Baba ya tambaye shi da wace ƙafa ta fara, suka sake kallo tare don su tabbatar.

Wasan ƙarshe da ƙasar da ta saba fitar da mu aka yi shi. Filin ya cika har bisa katanga, da waɗanda suka san wasan da waɗanda suka zo don sun ji ana ihu. Barewa ya dire ƙwallo sau biyu kafin hutu. Muna gaba da maki biyar. Na ga dattawan da suka buga wasan nan tun ba a san shi ba suna share ido da hula.

Dab da hutu aka kayar da Barewa a gefen fili, mutane suka taru a kansa ana turereniya a kan ƙwallo. Cikin wannan cakwakiyar gwiwar wani ta same shi a bayan kunne. Alƙalin wasa bai gani ba. Likitar gasar, wadda ita ke da ikon cire ɗan wasa, tana can ɗaya gefen tana fama da wani na abokan hamayya da kafaɗarsa ta goce. Ni ma ban gani ba, sai daga baya da aka sake nuna hoton a hankali. Barewa ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya koma wurinsa. Aka busa usur.

Hutun bakwai-bakwai ba hutu ba ne, kurɓar ruwa ce kawai da jan numfashi. Ina tsaye kusa da bencinmu, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji. Koci na tsakiyar da'ira yana magana da sauri. Baba ya zagaya ta baya ya miƙa wa Barewa gora, ya yi masa tambayoyin nan da aka tsara. Barewa ya amsa su duka, har da dariya. Sai Baba ya gyara masa wuyan riga kamar ba komai, ya ce:

"To angon tafiya, da wace ƙafa ma muka ce ta fara?"

"Wa?"

"'Yar taka."

"Baba, ai ba ta fara tafiya ba. Rarrafe take."

Na ga fuskar Baba a lokacin, kuma ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana haka ba. Ya sake tambaya ta wata hanyar, ko matarsa ta kira shi yau. Barewa ya ce tun shekaranjiya rabonsa da ita. Ya faɗa hankalinsa kwance, yana tsalle a wuri ɗaya don kada jikinsa ya yi sanyi.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Ba wanda ya ji sai ni da Baba. Ni kuwa ɗan kallo ne, ban ma gama fahimtar abin da na ji ba. Alƙali bai gani ba, likita ba ta gani ba, yaron ya ci jarrabawar da doka ta tanada. Minti bakwai ne suka rage tsakanin Baba da abin da ya ƙare rayuwarsa yana jira. Ba sai ya yi ƙarya ba. Shiru kawai zai yi, ya rufe kularsa ya koma ya zauna.

Ya ajiye gorar, ya tsallaka filin da gudu, gudun tsoho mai ciwon gwiwa, almakashi na dukan ƙirjinsa. Mutane har dariya suka yi, sun ɗauka wani abu ya manta. Ya je ya kamo likita. Ta zo, ta saurare shi, ta duba bayan kunnen, ta yi wa Barewa nata gwajin na tsayuwa da ƙafa ɗaya ido rufe. Ya yi tangaɗi. Ta ɗaga wa alƙali hannu.

Koci ya riƙe kai da hannu biyu. Barewa ya fizge hannunsa daga na Baba, ya ce lafiyarsa lau, ya ce Baba ka san abin da kake yi kuwa, ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Da mutanen da ke kan benaye suka ga an zaunar da shi, kuma suka ga wanda ya jawo, filin ya ɗauki ihu. Robobin ruwa suka fara sauka. Ɗaya ta sami Baba a kafaɗa. Bai waiwaya ba, yana tsugune gaban Barewa yana riƙe da ƙanƙara a bayan kunnensa, yaron na ture hannun yana mayarwa.

Wanda aka saka a madadin Barewa ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Amma ta gefensa suka ɓullo ana dab da tashi, suka dire suka sami maki biyar, suka buga ta tsakanin sanduna suka ƙara biyu. Maki biyu suka raba mu da gasar duniya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da labarin nan tatsuniya ce, da yanzu sai in ce an kai Barewa asibiti an tarar da jini a kansa, likitoci suka ce da ya ƙara minti ɗaya da ya mutu, gari ya zo yana neman gafarar Baba. Ba haka aka yi ba. An ɗauki hoton kansa ba a ga komai ba. Likitoci suka ce jijjigar ƙwaƙwalwa ce, irin wadda ba ta fitowa a hoto, ya huta na wasu makonni. Da labari ya fita sai wutar ta ƙara ruruwa. Ashe ma ba komai! A shagon aski, a tasha, a shirye-shiryen da ake bugo waya a rediyo, magana ɗaya ce: tsoho ya ruɗe ya jawo mana. Mai shagon da Baba ya daɗe yana sayen ƙanƙara a wurinsa ya ce ta ƙare, ga ta kuwa cike da firiza.

Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ci ni. Na so in je gasar nan in aiko da rahoto, na riga na fara tunanin jumlar da zan buɗe da ita. Kuma tambayar ta ƙi barina: da an bar shi fa? Wataƙila da ba abin da zai same shi. Wataƙila da ya sake direwa, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Na kai wa Baba tambayar a gidansa, ina tsammanin zai kare kansa. Bai yi ba.

"Wataƙila da ba abin da zai faru," ya ce. "Sau da yawa ba ya faruwa. Ni aikina haka yake, in na yi daidai ba abin da za a gani. Sai na yi kuskure ne kowa zai ga shaida. To ni ban son shaidar."

Na tambaye shi ko bai ji zafi ba. Ya ce ya ji mana, shi dutse ne? Ya ce har yanzu in ya tuna sai abinci ya fita ransa. Mai ɗakinsa ta faɗa min a bakin ƙofa cewa ya ba mai gadin filin rigar sanyin nan, wai shi ya fi buƙatarta.

Koci kuwa na same shi yana juya usur a hannu. Ya ce ranar ya ji kamar ya shaƙe Baba, kuma da shi ne ya ji amsar yaron, bai san abin da zai yi ba, yana tsoron ma ya sani. Ya ce shi ya sa ƙungiya ke buƙatar mutum ɗaya da ba maki yake kallo ba.

Barewa ya yi wata biyu ba ya gaishe da Baba. Shekarunsa sun fara ja, kuma ya san kafin wasannin neman gurbi su sake zagayowa ƙafa ba za ta jira shi ba. Na je gidansa kwanan nan, wani ɗaki da falo a bayan gidan mai, kofunansa jere a kan talabijin, yarinyar na ta zirga-zirga tana kwashe min takalmi. Na tambaye shi me yake tunawa na wasan ƙarshe. Ya ce ba komai. Ba ya tuna direwarsa biyu, ba ya tuna ihun, ba ya tuna abin da ya faɗa wa Baba, a bakin abokai ya ji, ya ji kunya. Ranar gaba ɗaya ta ɓace masa tun daga safiya. A gadon asibiti matarsa ta nuna masa bidiyon, ya yi ta murna yana kiran nas ta zo ta gani.

"Ni kaɗai ne uban da ya yi murnar tafiyar farko sau biyu," ya ce yana dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce abin da ya dawo da shi wurin Baba ke nan. Ya zauna ya yi tunani, in bugu ɗaya ya iya ɗauke masa wannan safiyar, na biyu me zai ɗauka? Ya ce har yanzu yana jin ciwon gurbin nan, kuma bai ce ya daina ba. Amma ya koma bencin, ya ɗora ƙafa. Baba bai ce masa komai game da abin da ya wuce ba, ya tambaye shi ko an biya kuɗin wutar gidansu.

Matarsa na jinmu daga kicin. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, malam ɗan jarida, in za ka rubuta ka rubuta da nawa. "Ku kofi kuka rasa, na ji, Allah ya ba ku haƙuri. Ni mijina aka dawo min da shi ya san ni, ya san 'yarsa. Ban san me ake rabawa a gasar duniyar ba, amma ba na musanya."

Yanzu ƙungiya ta ɗauki wata matashiyar ma'aikaciyar lafiya da za ta gaje shi, mai takardu da na'urorin da Baba bai taɓa riƙewa ba, kuma ya yi murna da zuwanta. Na gan ta makon jiya zaune kusa da shi, tana naɗe ƙafar wani tana tambayarsa wa ya yi masa wannan askin. Yaron ya juyo ya ce, wayyo, an sake haifo wani Baba Tambaya.

Ga masu irin wannan aiki, a kowane fili da kowane wasa, roƙona ɗaya ne: ku san yaranku tun suna lafiya. Ku tambaye su abin da ba shi da amfani, ku riƙe amsar. Ga mu 'yan kallo kuma, masu baki da robar ruwa, ranar da muka ga wani ya tsallaka fili da gudu don ya fitar da gwaninmu, mu ɗan dakata. Mai yiwuwa ya fi mu son a ci.

Baba Tambaya, uwar marasa uwa a fili, ka yi shekaru kana tambayarmu, mu ba mu taɓa tambayarka me kake so ba, sai da ka ajiye shi da hannunka a gaban dubban mutane suna jifanka. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da hutu mai daɗi, ya saka maka da abin da ya fi wanda ka bari. Ba ka je gasar duniya ba, kuma yanzu ba za ka je ba. Mu ma ba mu je ba, kai ka hana. Mun gode.